Kofin Baba Barmo

A Tamanrasat, can kudancin Aljeriya, na fara sanin cewa ba ko'ina ake amsa sallama ba. Mun sauko daga bayan motar da ta ƙetaro da mu sahara, ƙafafuna a kumbure, na shiga wani shago neman ruwa. Na yi sallama, na sake yi. Mai shagon ya dubi ƙafafuna, ya nuna mini tebur da haɓarsa. A kan teburin na ajiye kuɗi, a kansa ya ajiye ruwan, don kada hannunmu ya haɗu.

Sunana Hamisu, ni ɗan Maijirgi ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na taɓa kolej a Tasawa, sannan na koma gona. Abin da ya rage mini daga karatun shi ne ɗan Faransancin da nake ji. Shekarar da na fita, gero bai cika rumbu ba, kuma yayana Lawali ya daɗe yana aikin gini a Wahran, can bakin teku a Aljeriya. Wurinsa na nufa. Matarsa Tsahara abu guda ta roƙe ni. Ta ce, "In ka isa ka duba mini tarin nan nasa. Cikin waya ba ya iya gama magana."

A Tamanrasat na yi dakon bulo wurin wani mutum da ya kashe wayarsa ranar biya. A Gardaya na yi ban ruwa a lambun dabino, ina kwana ɗakin injin famfo. Yaran unguwar suna jifana da ƙwallon dabino in na fito, suna kirana da wata kalma da na gane daga baya baƙi take nufi, kuma ba da daɗi ba. Can ne sanyi ya same ni ba shiri. Wani tsoho mai kiwon awaki ya ga ina rawar ɗari, ya cire rigar ulunsa ya ɗora a kan katanga, ya wuce abinsa. Na jira ya dawo ya ɗauka, bai dawo ba. Da rigar nan na isa Wahran.

Mutanenmu suna zaune a ƙasan wani bene da ba a gama ginawa ba, ba ƙofa ba taga, an toshe iska da kwali da buhunan siminti. Da rana suna ginin benen, da yamma ya zama gidansu. Mai riƙe da gidan shi ne Baba Barmo, mutumin garin Sarkin Hausa, dattijo mai jiki, yana jin Larabci kamar ɗan ƙasa. Shi ke magana da mai ginin, shi ke samo wa baƙo aiki, kuma saboda fahimtar da ke tsakaninsa da mai ginin ne 'yan sanda ba su shigowa wurin. Wanda ke ƙarƙashin Baba Barmo yana barci. Wanda ya bar shi yana kan titi.

A wurinmu kuma ya wuce haka. Shi ne kawun Tsahara. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubanta, shi ya ba Lawali aurenta. Surukin yayana ne ke nan, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san nauyin wannan. Lawali ba ya faɗin sunansa, ba ya zama kan tabarma guda da shi, ba ya ɗaga ido ya dube shi, ba ya cin abinci a gabansa.

Da na iso ban gane Lawali ba sai da ya yi magana. Na bar shi da kafaɗun da ke ɗaukar dami biyu, na iske riga tana yawo a jikinsa. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya tambayi Inna, ya tambayi ɗiyarsa Nana, tari ya katse shi kafin ya kai kan Tsahara.

A yammacin ranar na ga abin da suke kira wankin ƙirji. Bayan an tashi aiki, Baba Barmo ya zauna kan bulo da akwatinsa na ƙarfe, wanda yake sayar da sukari da taba da magani a ciki. Ya dafa shayi da madara. Kowa ya zo da kofinsa, shi kuma ya ɗauki kafso mai kai ja ya ɓare, ya zazzage garin cikin kofin, ya motsa da ƙusa. Sun ce yana wanke ƙurar siminti daga ƙirji. Abin bai ba ni mamaki ba, don mu ma a gida muna sayen kafson nan a kasuwa, mu sha don zawo, mu barbaɗa a gyambon jaki, mu jiƙa wa kaji. Sai dai a nan kullum ne. Lawali kuma, da yake shi ke tari kuma shi ne suruki, nasa biyu ne, kyauta, a cikin kofin silba na Baba Barmo kansa. Yakan durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya je kusurwa ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci bango ya shanye, tunda ba a sa abu a baki a gaban suruki.

Ba a yi nisa ba Lawali ya faɗi a wurin aiki, jini a haɓarsa. Mai ginin ya zo, abin da ya fara faɗi shi ne a fitar da shi daga filinsa kafin a kira kowa. Ni da wani muka ɗauke shi zuwa bakin titi. Motocin haya suna rage gudu, su gan mu, su ƙara wuta.

Ba zan tsaya kan zaryar asibiti ba. Mai gadi ya tura mu baya, muka dawo. Wata mata ta janye ɗanta daga bencin da muka zauna. An ce tarin fuka ne, aka gwada, ba shi ba ne. An ɗauki hoton ƙirji, an zura masa wani bututu ta hanci. A ƙarshe muka faɗa hannun wata likita, ƙaramar mace mai tabarau, wadda ta lura Faransancina gajere ne sai ta riƙa magana a hankali. Ita ce ta ce mini sankara ce a huhu, kuma ta wuce a yanka. Ta ce tabar da ya daɗe yana sha da ƙurar aiki sun fi kama da sanadi. Ta ce akwai wani magani da ake sawa ta jijiya lokaci-lokaci, ba ya warkar da kowa, amma wasu yana ƙara musu kwana masu yawa. Ta yi ta shiga ofisoshi kafin a yarda a ba marar takardu. Ban san abin da ta faɗa musu ba.

Sai ta tambayi abin da yake sha. Na ciro fankon kafson daga aljihu na nuna mata. Ta tambaya tun yaushe. Na juya na tambayi Lawali da Hausa, ya ce tun zuwansa. Na faɗa mata. Ta cire tabaran ta ajiye.

Ga abin da na fahimta daga bayaninta, kuma na yi ƙoƙari kada in ƙara komai. A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗimbin yawa, har a huhu ma akwai 'yan kaɗan. Mu a lakwal an koya mana irin waɗannan halittu, mikrob, cuta ne. Ta ce ba duka ba, da yawansu abokan zama ne, kuma da su jiki ke koyon faɗa da cuta. Maganin da za ta sa masa ba shi ke kashe sankarar da kansa ba, jikin yake tayarwa ya yi faɗan. Shi kuwa kafso ba ya zaɓe, yana share mai cutarwa da mai amfani. Abin da likitoci suka lura, wanda aka share wa hanji da irin wannan magani gab da fara jinya, sau da yawa jikinsa ba ya amsawa sosai. Ta ce ba su gama sanin yadda hanji ke magana da huhu ba, ita ma tana cikin masu bincike, shi ya sa take son majinarsa da bayan gidansa a cikin wasu 'yan kwalabe. Ni dai na tuna ƙwaryar nonon Inna, wadda in aka wanke ta tas aka hana ta ɗan tsohon nono, madara ba ta kamawa.

Ta ce, "Daga yau kada ko guda ya shiga cikinsa. In zazzaɓi ya zo, ku zo nan, ni zan zaɓa masa." Ta tambayi me muke ci. Na ce burodi da sardin da shayi. Ta tambayi me muke ci a gida. Na ce gero, wake, zogale, nono. Ta ce, "Wannan nake so ya ci."

Da muka koma an zauna wankin ƙirji. Baba Barmo ya hango ni.

"Ɗan lakwal, mi Balarabiyar ta ce?"

Na durƙusa na faɗa masa a taƙaice. Lawali yana tsaye nesa, kansa a ƙasa. Wani mai suna Ilu, ɗan garin Tchake, ya ga kwalaben a ledata ya tambayi na mene ne. Da na san abin da zai biyo baya da na yi shiru. Na faɗa.

Ilu ya ce, "To, sun gama da ƙarfinmu, yanzu kashinmu suka koma wa. Ka tambaye ta ko ana biya, ni ma ina da shi."

Aka yi dariya. Lawali ya fita waje, don an ambaci bayan gidansa a gaban surukinsa.

Baba Barmo bai yi dariya ba. Ya ce, "Mutanen da ba su amsa maka sallama, su ne za su so lafiyar yayanka? Gwaji suke da baƙar fata, kowa ya sani. Ni kuwa mutum nawa suka wuce ta hannuna suka koma gida da ƙafarsu? Kira shi, shayi na hucewa."

Aka kira shi. Ya karɓa, ya juya bango, ya sha.

Da gari ya waye na same shi yana alwala. Na ce, "Yaya, ka ji abin da ta ce."

"Na ji."

"To ka ce masa a'a."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. "Shi ya ba ni Tsahara. Da wane baki?"

"To kada ka ce komai. Ai bango kake fuskanta. Wa ke ganin bakinka?"

Ya ci gaba da shafa ƙafa. A kusurwar da yake juyawa akwai bulo masu rami da aka jera. Da yamma ya karɓi kofin da hannu biyu, ya juya, ya ɗaga kai kamar mai sha, ya tsiyaye shi cikin ramin bulo. Ya maido kofin ya yi godiya. Kunyar da ta ɗaure shi ita ta ba shi mafaka, kuma mun ci moriyarta makonni.

Ni kuma na shiga neman gero. Na zaga shagunan abinci ba wanda ya san shi. Na samu 'yan tsaba a ƙasan jakata, na riƙa nunawa a tafin hannu. Wani ya gane, ya yi dariya, ya kwatanta mini wani shago. Shagon tsuntsaye ne, keji rataye ko'ina. Can na ga gero a buhu, irin namu, sai dai tsabarsa ta ɗan fi ƙanƙanta. Mai shagon ya auna mini, ya tambayi wane irin tsuntsu nake da shi. Na ce mutum ne. Ya kira maƙwabcinsa ya maimaita masa, suka yi ta yi mini fito har na sha kwana.

Na daka shi a gwangwanin fenti da guntun rodi. Nono kuma wurin wata tsohuwa na samu, wadda gidanta ke kallon benen. Ta ga ina dama gari da ruwa, washegari ta ajiye kwalbar nono mai tsami a kan katanga, ta koma ciki. Haka ta riƙa yi, ba mu taɓa magana ba. Ranar da na miƙa wa Lawali hurar farko ya kurɓa ya lumshe ido. Na gaya masa inda na samo geron. Ya yi dariyar da ta tayar masa da tari, ya ce, "In ka ga na fara kuka da asuba kan katanga, kada ka jefe ni."

An sa masa maganin karo na farko. Ba zan ce ya warke ba. Amma jinin ya ragu, kuma ya kira Tsahara ya yi magana har ya gama da kansa. Na ji ta tana tambaya ko shi ne.

Tururuwa ce ta tona mu. Sukari da madara sun taru a ramin bulo, ta yi layi tun daga ƙofa. Ilu ya bi layin don ya ga wa ke ɓoye abinci, ya ɗaga bulon, ga ƙasa ta yi rawaya tana wari. Bai zo wurinmu ba. Wurin Baba Barmo ya je.

Da yamma dattijon ya dama kofin kamar kullum. Lawali ya durƙusa ya karɓa, ya tashi zai nufi kusurwa.

"Tsaya nan."

Ya tsaya.

"Na yafe maka kunyar. Juyo ka sha a gabana."

Ban taɓa ganin fuskar yayana kamar yadda na gan ta ranar ba. Ya kai kofin baki, ya shanye yana kallon ƙasa.

Baba Barmo ya ce, "Abin da na ba ka da hannuna kake ba tururuwa. Ban yi zaton haka daga gare ka ba."

Ina so in yi masa adalci, tunda ba ya nan da zai kare kansa. Ba don riba yake yi ba, na Lawali bai taɓa karɓar komai a kai ba. Ya yarda da abinsa ne, kuma an taɓa masa girma a gaban mutanen da yake riƙo. Na same shi shi kaɗai bayan sallar azahar, na durƙusa har gwiwata ta taɓa siminti. Na ce ya yi haƙuri ya ɗaga masa ƙafa zuwa a gama jinyar. Na ce in yana so zan kai shi ya ji daga bakin likitar, tunda yana jin Larabci.

Ya ce, "Ni in tahi gaban sa'ar ɗiyar cikina ta koya mini magani? Kai dai faɗi abin da ke ranka. Kana cewa ina kashe mijin ɗiyata."

"Ban ce ba, Baba."

"Ka ce. Tashi."

Aka ci gaba a haka, kullum a gabansa, kullum biyu. Ranar komawa asibiti tana matsowa. Na yi tunanin in faɗa wa likitar ta kwantar da shi a can, na faɗa, ta ce ba gado ga wanda ke iya tafiya, ta sake ja mini kunne. Na yi tunanin in kira Tsahara ta yi wa kawunta magana, Lawali ya ce in na sa ta cikin wannan ba shi ba ni.

Wata yamma ya karɓi kofin, tari ya kama shi kafin ya kai baki, ya tsaya yana jiran ya lafa. Ina zaune kusa. Na tashi na zare kofin daga hannunsa, na tuntsurar da shi a ƙasa a gaban kowa, na ajiye shi gaban Baba Barmo.

Lawali ya mare ni. Marin ba shi da ƙarfi ko kaɗan, kamar an shafa mini kunci. Wannan ya fi mini ciwo.

Baba Barmo ya ɗauki kofinsa ya goge da gefen riga. Ya ce, "Shi surukina ne, yana nan. Kai kuwa ɗan lakwal, ka tattara. Ka je Balarabiyar ta ba ka ɗaki."

Ba wanda ya sa baki. Mutanen da muka yi dako tare, waɗanda na karanta wa saƙonni a waya, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Na ɗauki jakata da rigar ulu da gwangwanin daka. Na kai bakin titi sai na ji tari a bayana. Lawali ne da bargonsa.

Na ce, "Koma, Yaya."

Ya ce, "Inna za ta tambaye ni kai." Bai dube ni ba.

Muka samu wuri a bayan wata kasuwar kayan miya, ƙarƙashin rumfar da ake tara akwatunan banza. Akwai sanyi, akwai ɓeraye, masu shara suna korar mu da safe. Amma ba kafso. Na ce a raina ko banza an samu wannan. Nonon tsohuwa ya yanke, tunda ba na iya komawa unguwar, na koma dama masa da ruwa.

Ranar da za a sa masa magani karo na gaba muka fito da hantsi, muna tafiya a hankali saboda numfashinsa. Muna hango katangar asibitin motar 'yan sanda ta tsaya a gabanmu. Ranar ana kame a unguwannin, ana kwashe duk baƙar fata. Na fiddo katin asibiti na nuna, na ce da Faransanci mutumin nan ba shi da lafiya, ga ƙofar can, likita na jiransa. Wanda na miƙa wa bai karɓa ba. Ya nuna mini bayan mota. Da muna cikin benen da ba su same mu ba. Wannan ma na san shi, kuma ina ɗauke da shi.

Sauran hanyar kudu ce. Aka tara mu a wani fili, aka zuba mu a manyan motocin fasinja, daga baya aka mayar da mu motocin kaya. Muka wuce Gardaya ina kallon dabino ta taga. Muka wuce Tamanrasat. A bayan motar kaya Lawali yana kwance, kansa a cinyata, na rufe masa fuska da rigar ulun saboda ƙura. Mutane suna matsawa daga gare mu in ya yi tari, na gaji da cewa ba ya yaɗuwa. Tun daga Wahran maganarsa da ni ba ta wuce ruwa da sallah ba. Sai a Agadas, muna jiran motar Damagaram, ya kira sunana.

"Hamisu."

"Na'am, Yaya."

"In mun isa ka kira Baba ka ba shi haƙuri."

Na gyara masa rigar ulun.

"Ka ji ni?"

"Na ji. Zan kira."

Daga Tasawa a amalanken jaki muka shiga da shi Maijirgi. Inna ta fito ta tsaya bakin zaure. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ranar ma ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ku shigo da shi inuwa." Ta koma ta ɗauko ƙwarya.

Ya sha hurar Inna da nonon gaske tun daga shuka har gero ya fitar da kai. A asibitin Tasawa sun ba shi abin rage zafi, sun ce mana gaskiya maganin can babu shi a nan. Nana takan zauna kusa da shi tana ba shi labarin awaki. Wata rana Tsahara ta tare ni a bayan rumbu, ta ce in gaya mata duk abin da ya faru, kada in rage. Na gaya mata, har da bango, har da tururuwa, har da marin. Ta tambaya dai wane kofi ne, na ce na silba mai lotsattsen gefe. Ta ce ta san shi, tun tana ƙarama.

Ya rasu ranar wata Laraba da la'asar, ana jin ƙamshin ruwa daga gabas. Allah ya jiƙansa.

Ban san ko maganin can zai yi masa aiki ba da an bar shi. Likitar da kanta ba ta yi alkawari ba. Ban san nawa ne laifin kafso, nawa na taba da siminti, nawa na hannuna da ya zubar da kofi ba. Mutane suna so in zaɓi guda in faɗa, ni kuwa ba ni da sanin da zan zaɓa da shi.

Na cika alkawari. Na kira Baba Barmo na ba shi haƙuri, ya ce ya ji. Kafin Tsahara ta fita takaba ya zo gida ganin iyalinsa, ya biyo ta Maijirgi ta'aziyya. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, dattawa suka taru. Bayan addu'a ya ce, "Lokacin da yana hannuna da ƙafarsa yake tafiya. Ruwan da Larabawa suka sa masa ne ya ƙarasa shi." Wasu suka gyaɗa kai. Ina durƙushe ina zuba masa ruwa. Ban musa masa ba, don a gidanmu yake, kuma yayana ya roƙe ni.

Sai ya ce a kai shi ya gaida ɗiyarsa. Ni na yi masa jagora. Tsahara tana zaune bakin ɗakinta a kan tabarma, lulluɓe, Nana na jingine da ita. Yarinyar ta kwana biyu da mura, tana ɗan tari. Suka gaisa, ya yi mata nasiha, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa. Nana ta yi tari. Ya dube ta, ya sa hannu a aljihu, ya fiddo kafso mai kai ja guda biyu ya miƙa.

"Ungo. Ki ɓare mata cikin hura."

Hannuwan Tsahara suna cikin mayafi. Ba ta fiddo su ba.

"Kawu, mayar da abinka."

Ya yi kamar bai ji ba. "Mi kika ce?"

"Shi surukinka ne, bai iya ce maka a'a ba. Ni ɗiyarka ce. Gobe Hamisu zai kai ta wurin likita."

Ta jawo Nana ta rufe ta da gefen mayafin. Inna tana bakin murhu, ta ci gaba da hura wuta ba ta waiwayo ba. Baba Barmo ya juyo ya dube ni, kamar yana jiran in ce wani abu da zai ba shi hanyar janye hannun. Hannun ya daɗe a miƙe. Ban taimake shi ba.